Ranar da Farfesa Ya Kira Goggo Falmata a Lasifika

Ko da zan manta duk abin da aka koya mini a jami'a, ba zan taɓa mantawa da ranar da wani farfesa, mutumin da ko "sannu" bai iya da Hausa ba, ya tsaya gaban taro ya ci mutuncin goggota a madadina ba. Shi bawan Allah bai san me yake faɗa ba. Ni na rubuta, shi karantawa kawai ya yi. Kuma ya karanta tiryan-tiryan, a lasifikar da duk tsawon karatuna ban taɓa jin ta yi aiki ba sai a ranar.

Ina shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta lokacin. 'Yan ajinmu masu hankali kowa ya zaɓi furojet ɗin da zai gama ya huta: wannan manhajar kantin magani, wancan manhajar rijistar ɗalibai. Ni kuwa, saboda son a ce yarinyar nan akwai kai, na ɗauki ƙafata na tafi ofishin Dokta Filibus na ce masa ina son aiki mai wuya. Ya cire tabarau ya dube ni kamar yadda likita ke duban wanda ya zo neman allura da kansa. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. (Da akwai mai ƙaunata a kusa, da nan ya kamata ya toshe mini baki.)

Akwai wani ƙaramin yaren kwamfuta da Dokta yake koyar da mu da shi. Mu ɗalibai Mai Baka muke ce masa, don ba ka rubuta layi ɗaya a cikinsa sai ka buɗe baka, wato alamar nan ( ), ka rufe baka, ka sake buɗewa ka sake rufewa, har idonka ya fara ganin bibbiyu. Yaren irin wanda komai a cikinsa aiki ne: ka ba shi abu, ya sarrafa, ya miƙo maka sakamako, shi ke nan. Ba ya riƙe komai a ransa, bai san jiya ba. Kamar injin niƙa yake, ka zuba masara ka kwashi gari, ba ruwansa da wanda ya kawo niƙa ɗazu.

Abu biyu Dokta ya ce in ƙara wa yaren. Na farko tsarin abubuwa, wato mutum ya iya ƙera "abu" mai halinsa da kayansa, mai tuna abin da ya same shi, wanda kuma zai iya gadon hali daga wani abun. Ka ƙera Dabba ka ce tana ci tana barci, in ka zo ƙera Akuya ba sai ka maimaita ba, ta gada. Na biyu shi ne makro. Makro gajeren umarni ne da kai za ka ƙirƙira, injin ya warware shi ya zama dogon rubutu kafin ya fara aiki. Kai layi ɗaya kake gani, a ƙarƙashi kuwa ya zama shafi guda. Mai amfani da yaren ba ya ganin wannan dogon rubutun, kuma ba shi da dalilin nemansa.

Na karɓi aiki ina murmushi, na koma gida unguwarmu Rumde da niyyar in kulle ɗakina in yi ta bugawa. Sai dai a shekarar ne 'yan tada ƙayar baya suka shiga Mubi, kuma duk wanda ya zauna Jimeta lokacin ya san babu wani abu wai shi ɗakinka. Babanmu ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, asalinmu Borno, danginmu kuma sun bazu daga Mubi har gaba. Cikin 'yan kwanaki gidanmu ya cika. Maza a zaure, mata a falo, yara ko'ina. Ni rabona shi ne Goggo Falmata, yayar Baba.

Da zane ɗaya ta iso, ƙafafunta sun kumbura saboda tafiyar daji. Ranar da ta zo, ko ruwa ba ta gama sha ba ta dubi Baba ta ce, "Ka ji ni da kyau. Ranan da na zama kaya a gidanka, Damare yana nan, an ce akwai sansani. Ni ba na zama inda ana ƙirga min numfashi." Baba ya rantse a gaban kowa cewa muddin yana raye, 'yar'uwarsa ba za ta kwana a sansanin 'yan gudun hijira ba. Duk wanda ya san Goggo ya san ba barazana take yi ba. In ta ce za ta tafi, tafiya za ta yi, kuma Baba ba zai iya sake ɗaga kai a cikin dangi ba.

Satin farko na yi kuka don tausayinta. Ni na gasa mata ƙafa, ni na ba ta katifata na koma tabarma. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka "Mamana" take kirana, in ta faɗa har cikin raina nake ji. Amma gaskiya ɗaya ce, tausayin da ake kwana ɗaki ɗaya da shi yana da saurin gajiya.

Goggo tana minshari. Ba irin na gajiya ba, irin wanda ke da hawa da sauka. Goggo ba ta yarda ɗaki ya zauna babu turaren wuta ba, ta rufe taga ta banka kasko har laftof ɗina, in fankarsa ta tashi, ƙamshin amare yake fitarwa. In na fita na dawo sai in tarar ta ɗora masa kwanon goro, wai ya yi daidai da faranti. In ina tsakiyar neman inda baka ɗaya ta ɓace cikin ɗaruruwa, sai ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Mamana, wannan talabijin naki har yanzu bai nuna mutum ba? Kawo a kai wa mai gyara mana."

Sai kuma maganar waya. Ɗanta na ƙarshe, Modu, tela ne, sun rabu ranar gudu, ita ta bi mata shi ya koma rufe shago. Tun daga nan babu labari. Wayarta ta faɗi a daji, don haka tawa take ara ta kira lambarsa. Lambar ba ta shiga. Matar nan ta cikin waya ta yi bayaninta da Turanci, Goggo ta ce mata, "To na ji, in ya zo ki ce uwanshi ya kira." An jima ta sake. In aka kawo wuta, wadda ba kullum ake kawowa ba, abu na farko da za ta yi shi ne ta zare cajar laftof ɗina ta soka ta waya, don soket ɗaya ne mai aiki a ɗakin. Batirin laftof ɗin kuwa ya daɗe da mutuwa, ana zarewa yake ɗaukewa ɗif. Ban taɓa ce mata komai ba. Wa zai ce? Sai in yi murmushi in ce, "Ba komai, Goggo," in shiga banɗaki in ciji yatsa.

A haka dai na lallaɓa na gama tsarin abubuwa, Akuya ta gaji Dabba lafiya lau. Na gama makro ma, na kai wa Dokta ina jin kaina. Ya buga wasu 'yan layuka, ya jira, sai ga amsa ta fito a karkace.

Ya ce, "Kin gani? Makro naki yana satan suna."

Ga abin da yake nufi. In makro ya warware, yana bukatar 'yan sunaye na wucin gadi da zai ajiye lissafinsa a ciki. Ni na sa musu sunaye irin na kowa, su x da y. To in mai amfani da yaren shi ma ya sa wa nasa abun x, sai sunayen biyu su yi karo, injin ya ɗauki na wannan ya ba wancan, lissafi ya rikice ba tare da kowa ya san dalili ba.

"Maganin shi ɗaya ne," in ji Dokta. "Ki sa injin ya riƙa haifan sabon suna da kanshi kowane lokaci, sunan da bai taɓa fitowa ba. Akwai ɗan wahala, amma za ki iya. Kar ki nemi gajeren hanya, na san ku."

Na ce, "To, Sa."

Na koma gida da niyya mai kyau, Allah shaida ne. Na zauna na fara, na yi nisa, abin ya fara haɗuwa a kaina. Sai allon ya yi baƙi. Na waiga, ga Goggo tsugune gaban soket da wayata a hannu, tana cewa, "Minti ɗaya, Mamana." Ban adana komai ba. Aikin yini guda ya tafi.

Da na sake kunnawa cike da haushi, sai Shaiɗan ya zo mini da shawara cikin muryar hikima. Ya ce, ai duk abin da ake nema shi ne sunan da ba wanda zai yi amfani da shi. To wane ne a duniyar nan, daga Jimeta har Japan, zai sa wa lissafinsa suna goggo-ta-sake-cire-min-caja? Na goge x na rubuta haka. Na gwada, ya yi aiki. Wani sanyi ya ratsa zuciyata wanda rabona da shi tun kafin gidanmu ya cika.

Daga ranar na samu wurin kai ƙara. Duk abin da Goggo ta yi mini, in ce "Ba komai, Goggo," in juya in raɗa wa makro sabon suna. Makro ɗin da ke ƙera abu ya samu nasa, wanda ke raba gado ya samu nasa, wanda ke aika saƙo tsakanin abubuwa ya samu har da ƙari. Ina kallonta ina murmushi ina bugawa, ita kuma tana ce wa Mama, "Yarinyan nan akwai haƙuri, halin uwanmu ya ɗauko." Da na mayar wa Dokta, ya gwada x, ya gwada y, ya gwada duk sunayen da ɗalibai suka saba, babu wanda ya yi karo. Ya ce, "Kin gyara ke nan?" Na ce, "Na gyara, Sa." Ko ƙifta ido ban yi ba.

Sai aikin ya yi kyau fiye da yadda ya kamata, wannan ita ce masifar. A shekarar sashenmu ya ga ya dace a nuna wa duniya cewa duk da halin da ake ciki karatu bai tsaya ba. Aka ce za a zaɓi ayyuka kaɗan a gabatar a babban zaure, a gayyaci iyaye, a gaban farfesan da aka ɗauko daga kudu don ya duba ayyukanmu. Sunana ne na farko. Na kawo labari gida ina tsalle, Goggo ta rangaɗa guɗa ta ce ko da rarrafe sai ta je. Ni a lokacin ko a jikina. Sunayen suna can ƙasa a naɗe, wa zai gani?

Ranar ta ari lafayar Mama mai ruwan zuma, ta dafa burabusko ta cika kula. A ƙofar makaranta masu tsaro suka ce sai an buɗe kular, ta buɗe ta ce wa mai sandar bincike, "Ɗanɗana mana, ɗana, in bam ne ka fara sani." Ta samu kujerar gaba kusa da Baba ta zauna, tana gaya wa duk matar da ta kalle ta, "Mamana ne zai yi magana."

Na yi magana kuwa. Majigi ya haska bango, na ƙera Dabba, na ƙera Akuya, Akuya ta gaji ci da barci ta ƙara da kukanta. Na nuna yadda layi ɗaya na makro ke yin aikin shafi guda. Aka tafa. Na hango Baba yana gyara zaman hularsa. Na ce a raina, yau dai an san da ni.

Farfesa ya ɗaga hannu. Dattijo ne mai fara'a, gajere, da 'yar jakarsa a cinya. Ya ce da Turanci aikin ya burge shi, tambayarsa ɗaya ce tak: yana son ganin yadda makro ɗin yake in an warware shi.

Na ce masa, cikin Turancin da ya fara tsinkewa, warwarar tana da tsawo, za ta ci lokaci. Ya ce ba komai, ai umarni ɗaya ne. Na ce laftof ɗin yana da matsala. Ya ce bari ya taimaka mini. Ya taso da kansa (mutumin kirki, Allah ya saka masa, ni dai ban yafe ba), ya matsar da ni gefe, ya buga kalma ɗaya ya danna.

Bango ya cika. Baka a buɗe, baka a rufe, a tsakaninsu kuwa ga Goggo, ga Goggo, ga Goggo, da manyan haruffan da na ƙara wa girma da safe don na baya su gani.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, don Goggo ba ta karatun boko, Baba kuma ya bar tabaransa a shago. Amma Farfesa ya sunkuya ya ƙura ido, fuskarsa ta washe. Ya ce sunayen nan sun ba shi sha'awa, yaren garin ne? Ya ce yana ƙaunar ganin ɗalibai suna shigar da harshensu cikin kimiyya. Ya karɓi lasifika daga hannuna ya ce bari ya gwada.

"Gog-go... Fal-ma-ta..."

"Na'am!" in ji Goggo.

Ta miƙe tsaye. Ta zaci karrama ta za a yi. Ta gyara lafaya, ta ɗaga hannu tana gaida jama'a hagu da dama.

"...mai min-sha-ri... ka-mar ja-na-re-ta."

Zauren ya fashe. Ɗalibai suna dukan benci, wata mata a baya har da riƙe ciki. Farfesa ya ɗauka lafazinsa ake yi wa dariya, abin ya yi masa daɗi, ya ɗan rusuna ya ci gaba. "Gog-go... ha-ya-kin-ki... zai ka-she ni." Aka sake kwashewa. "Gog-go ta sa-ke ci-re min ca-ja." Dokta Filibus ya miƙe yana tari yana nuna agogo, yana cewa, "Farfesa, lokaci, lokaci." Farfesa ya ɗaga masa hannu ya ce ɗan dakata, yanzu ya fara kama bakin yaren.

Ni ina tsaye. Na yi tunanin zare waya daga bango, ban yi ba. Na roƙi Allah a ɗauke wuta. A garin da ake ɗauke wuta ana tsakiyar ɗaurin aure, ranar wuta ta tsaya daram kamar an biya ta. Goggo ma tana tsaye, murmushin bai bar fuskarta ba tukuna, ya dai daskare a inda yake.

"Gog-go... mai ki-ran... lam-bar da ba ta shi-ga."

Dariyar ta yanke kamar an rufe famfo. A zauren nan, a shekarar nan, da wuya ka samu layin kujeru da babu mai irin wannan lambar a wayarsa. Farfesa bai lura ba, idonsa na kan bango, ya riga ya hango na gaba, gajere mai sauƙin faɗa. Ya faɗe shi kuwa ba gargada, kamar haifaffen Rumde.

"Goggo, yaushe za ki tafi."

Sai a lokacin ya juyo ya ga fuskokin mutane. Ya tambaya da Turanci, "Me na ce?" Goggo ta zauna a hankali, ta ja lafaya ta rufe ƙafafunta.

Kada ku zaci an gama da ni. Farfesa, da yake shi aikinsa ya zo yi, ya koma kan batu. Ya bayyana wa taro cewa ko me sunayen nan ke nufi, wannan ba gyara ba ne, ɓoye matsala ne, don in wani ya zo ya zaɓi irin sunan sak, karon zai dawo. Wani ɗan ajinmu daga baya ya ce, "Wa zai zaɓa, Sa?" Aka yi 'yar dariyar da ba ta kai ko'ina ba. Ya rage mini maki a kan wannan, a kan wannan kaɗai. Dokta Filibus ya dube ni ta saman tabarau ya girgiza kai, na gwammace ya mare ni.

Abin da ya fi kashe ni shi ne Goggo ba ta yi fushi a wurin ba. Da aka tashi ta buɗe kula a ƙarƙashin bishiya ta zuba wa ƙawayena burabusko, ta aika wa Farfesa nasa a faranti. Ni ma ta zuba mini ta ce, "Ci, kin sha magana." Ba ta ce Mamana ba.

Washegari da na dawo daga makaranta na tarar da katifata a gyare, kasko a wanke an kife shi, lafayar Mama a ninke a kan filo. Ta tafi da zanen da ta zo da shi. Baba yana zaune a tsakar gida, bai je kasuwa ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce, "Ni na rantse, ke kika karya. Na je ta ƙi ganina. Ki je ki dawo min da 'yar'uwata."

Da gari ya waye na hau keke na haye gada zuwa Damare, laftof a jaka don ban san me ya sa na ɗauko shi ba, ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri suna wargajewa. Na same ta a inuwa cikin mata, kwana ɗaya tak amma har ta karɓe ragamar tukunya, tana yi wa wata faɗa a kan yawan gishiri. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai tallan da ba a niyyar saya.

Na fara, "Goggo, don girman Allah..."

Ta ce, "Kin zo da injin gulman?"

Na ce na zo da shi.

"Buɗe. Bayaraben nan bai gama ba aka tsayar da shi. Karanta min duka, kar ki tsallake ko ɗaya."

A gaban matan nan, ina durƙushe a ƙasa, da wutar da na roƙa aka jawo mini daga rumfar masu cajin waya, na karanta. Ashe sun fi yadda nake zato yawa. Kowanne kuma sai ta tsayar da ni ta yi shari'a. Minshari? Ita? Ubana ne mai minshari tun yana yaro, har kaji yake tayarwa. Hayaƙi? Ɗakin da ta tarar yana warin takalmi, ai taimakona ta yi. Kwanon goro kuwa, in ba a son a ɗora wa abu kaya, me ya sa aka yi shi da faɗi? Matan suna dariya suna ba ta gaskiya, wata tana cewa, "Yaran yanzu ke nan." Har na fara jin sauƙi, na ce tunda ana dariya an kusa sulhu.

Na zo kan na lambar. Na so in tsallake. Ta ce, "Karanta." Na karanta.

Ta daɗe tana juya muciya a tukunyar da ba ta bukatar juyi. Sannan ta ce, "Wannan ba ƙarya ba ne. Ba ya shiga."

Na fashe da kuka, irin mai majina, wanda ba ya yi wa kowa kyau. Ta bar ni na yi mai isata. Da na lafa ta ajiye muciya ta matso, ta nuna allon da haɓa.

"Wannan abin naki. Duk wanda ya buɗe cikinshi yana ganin sunan?"

Na ce eh.

"Har Bayarabe."

Na ce har wanda ya fi shi nisa, in dai ya yi amfani da yaren.

"Kuma suna karantawa a lasifika."

Na buɗe baki in ce mata ba haka abin yake ba, tsautsayi ne na rana ɗaya. Na rufe.

Ta ce, "To cire nawa. Ni kowa ya san inda nake. Ki sa Modu. Modu tela, na Mubi. Wataƙila wani ya ji ya ce ya gan shi."

Ba ta biyo ni ranar ba. Ta ce sai ta gani. Na koma gida na zauna na yi aikin da Dokta ya ce in yi tun farko, wanda na yi watanni ina guje masa, kuma don ƙarin haushi bai ci mini mako guda ba. Injin da ke haifar sabon suna yana bukatar a ba shi tushe, shi kuma ya riƙa liƙa lamba a baya don kada biyu su zo ɗaya. Mutane kan sa masa harafi ɗaya su wuce. Ni na sa modu-tela-na-mubi. Na koma Damare na warware mata makro, allo ya cika da shi daga sama har ƙasa. Ba ta yarda da karatuna ba (ina laifinta?), sai da ta kira wata malamar firamare 'yar Michika da ke zaune a sansanin ta karanta mata. Sannan ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, "Mamana, ɗauko min takalmi. Kuma yau ɗin nan za a gyara soket na biyu."

Yanzu ni ma koyarwa nake yi a sashen, kuma har yau da Mai Baka ake fara koya wa ɗalibai, da abubuwana da makro ɗina a ciki. Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. In malami ya ce kar ki bi gajeriyar hanya, ya san abin da ya gani. In kuma goggonki ta ishe ki, ki same ta a kicin ki gaya mata, ta wanke ki tas a wuce wurin, don kicin ba shi da majigi.

Kowace shekara sai wani ɗalibi ya tambaye ni wane ne Modu tela, in gaya masa. Har yanzu ba a samu wanda ya ce ya gan shi ba. Goggo ta tsufa, tana nan gidan Baba. Duk ranar da na je, kafin ta amsa gaisuwata sai ta ce, "An karanta?" In ce, "An karanta, Goggo." Ta ce, "Da ƙarfi?" Shi ya sa a ajina, ranar da muka zo kan makro, kowa sai ya miƙe ya karanta warwararsa da babbar murya, na baya ma su ji. Ɗalibai suna cewa na cika fitina, ba su ga amfanin abin ba. Su yi ta faɗa, ni dai na gaba ya tashi.